Tsamin Ƙullun Lalla Itto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga Rajab, Allah Ya karɓi ranki, Lalla Itto, a ƙauyenmu na Ait Tamlal.

Da Bassu ya auro ni daga Kasablanka, na zo da akwati cike da ƙananan littattafan soyayya. A cikinsu, amaryar birni kan sha wuya shafi ashirin, sannan ƙauye ya rungume ta. A birni baƙar fatata ba ta taɓa hana ni shiga gidan kowa ba. A nan kuwa na ji mata a bakin rijiya suna tambayar ko baiwar wane gida ce kakata.

Matan nan kan yi aron tsamin ƙullu a tsakaninsu idan za a kwaɓa gurasa. Wata bakwai ba wadda ta ara daga hannuna. Sai ga ki wata safiya da ƙoƙo, kika ce, "Ke 'yar birni, ajiye littafin nan kafin ya cinye miki ido. Tsamina ya mutu, sammini naki." Daga baya na gane naki bai mutu ba, zubar da shi kika yi.

Kika riƙa ba kowace maƙwabciya aro daga tsamin da na sam miki, har ya zaga gidajen ƙauyen. Kika yi dariya kika ce, "Su ci tukuna, 'yata. Ranar sunan abin da ke cikinki zan tsaya a gabansu in faɗa musu gurasar wa suke ci."

Saura wata biyu in haihu, Lalla.

Ranar sadakar uku na kai gurasa shida gidanki. Da yamma aka dawo mini da su a lulluɓe, ko gutsura ba a yi ba. Matan sun ci tasu, wadda tsamina ya tayar ba tare da sun sani ba. In na faɗa, wa zai yarda? In sun yarda ma, zubarwa za su yi. Ban san wadda za ta shigo ɗakina ranar suna ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Hadda da ɗanki Moha da jikokinki, Allah Ya ba su haƙuri. Ƙoƙon da kika bari a zuwanki na ƙarshe yana wurina, duk ranar da suka so aikowa.