Jimlolin da Dogo Ya Buga wa Ƙusa

Shekara ashirin da uku rumfata tana manne da ta Dogo kafinta. Ni walda nake yi. Ƙarar injina ta dame shi, ƙurar katakonsa ta dame ni, amma a kwano ɗaya muke cin abinci.

Burinsa ya koyar a makarantar koyon sana'a tun da sauran ƙarfinsa. Aikin hannunsa ba a magana, sai dai ba sa ɗaukar malami sai ya ci jarrabawar Turanci. Sau biyu yana faɗuwa. Mai duba takardun ya ce kalmomi kam ya sani, haɗa jimla ne ya gagare shi.

Na ce, "Dogo, da wannan furfurar za ka koma aji? Ka haƙura mana."

Ya ce, "Kai dai ci gaba da ƙona idonka. Ni da nake haɗa kujera, jimla ce za ta fi ƙarfina?"

Babbar 'yarsa, malamar firamare, ta fara zuwa duk Asabar. Wata rana ta ce, "Baba, wani ɓangaren jimla da ƙafarsa yake tsayawa, wani kuwa sai an jingina shi."

Dogo ya tashi ya kwaso guntayen katako. Ɓangaren da ke tsayawa da kansa ya rubuta shi a kan mai kauri, mai jingina a kan siriri, ya haɗa su da ƙusa. Tambaya, umarni, bayani, kowanne da kwandonsa. In 'yar ta ce ba daidai ba, sai ya zare ƙusar ya sake. Masu kawo gyara suna dariya, ni ma na taya su, Allah ya yafe mini.

Wata tara yana wannan. A karo na uku ya ci. Ya shigo rumfata da takardar, ya kashe mini inji, ya ce, "Cire tabaraun nan ka karanta, ɗan'uwa."

Wata takwas kawai ya koyar, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Amma sai da aka kira shi Malam, da kunnena na ji.

Kwandunan suna wurina. Na fara zare ƙusoshin ina sake haɗawa. 'Yarsa ta ce za ta riƙa leƙo ni ran Asabar.

Allah ya jiƙanka, Dogo.