Ganuwar da Ban Yi Ba

Shekarar da na fara koyar da aikin gona a wata sakandare a Dutsin-Ma, shekarar ce ƙafar Baba ta kumbura ya kasa zuwa gona. Ni ne babban ɗansa, sai hatsin gidanmu na Barkiya ya dawo wuyana. Aka yanke gero, aka ɗaure, aka tara dammunan a tsakiyar gona suna jiran amalanke, don shanun kawuna suna ta jigilar na mutane. Abincin gidanmu na shekara ke nan jibge a fili, ga daji a gefe da busasshiyar ciyawa har ƙugu.

Baba yana da wata al'ada da ya gada. Duk kaka, da zarar an tara hatsi, sai ya share kewayensa da fartanya, ya zaɓi safiyar da iska ta kwanta, ya cinna wa ciyawar bayan sharar wuta kaɗan-kaɗan, yana bi yana kashewa da ɗanyen reshe, har tsibin ya zauna a tsakiyar baƙin fili. Ganuwa yake ce wa wannan. Idan wutar daji ta iso, sai ta tarar ba abin da za ta ci, ta ratse.

Ni kuwa a makon nan na gama rubuta wa ɗalibaina illolin ƙona daji a allo, har da jarrabawa. Wuta tana kashe ƙarfin ƙasa, gaskiya ne, har yau ban janye ba. To ni da na sa wa rabin aji jan biro a kan wannan, a gan ni tsugune da ashana a gona? Haba! Ga lambar 'yan kwana-kwana a wayata, har na rubuta ta da gawayi a bangon zaurenmu don amfanin waɗanda ba su je makaranta ba.

"Malam, ka yi ganuwa?" Baba ya tambaye ni daga kan tabarma. Tun da na sami aiki yake kirana Malam, ban kuma taɓa gane ko girmamawa ce ko zolaya ba.

"An gama komai, Baba."

Ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Na amsa da amin, ko kunya babu.

Wutar ta zo ranar kasuwar Kurfi, bayan azahar, duk wani mai ƙarfi a garin ya tafi cin kasuwa. Wasu sun ce masu farautar gafiya ne, wasu sun ce guntun taba aka yar. Ina zaune a zaure Inna ta leƙo, hannunta duk gari, ta ce, "Kai, hayaƙin can ba ta wajen gonarmu ba ne?" Baba daga ɗaki ya ce ta kwantar da hankalinta, ai da ganuwa. Na kira lambar nan, suka ɗauka nan da nan, suka ce ga su nan tafe. Na buga babur sai gona.

Na tarar da mata da tsofaffi sun jeru da rassan sabara da darbejiya suna duka. Wutar ta fi tsayin mutum, tana ruri, shirwa na shawagi a samanta suna cafke farar da ke tserewa. Ni kuma ina bin bayan mutane da waya a sama ina sanar da su cewa ma'aikata suna hanya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi mini goyo ina jariri, ta cusa mini reshe a hannu. "Ajiye abin nan ka kama aiki, ɗan nan, ka ishe mu da shela!"

Can sai ga jiniya. Har na fara ɗaga kafaɗa, sai motar ta tsaya cak a bakin ƙorama. Motar ta ɗauko ruwa fal, ga yashi mai zurfi, da ta sa ƙafa sai dai a tono ta. Mesarsu ko rubu'in hanya ba za ta kai ba. Mutum huɗu suka diro, suka sheƙo da gudu cikin manyan takalmansu. Shugabansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tsinki ciyawa ya saki ya ga inda iska ta nufa, sannan ya dubi tsibin hatsin.

"Na wane ne?"

"Namu ne, ranka ya daɗe."

"Ba ku ƙone kewayensa ba?"

Na sunkuyar da kai, duk matan garin suna kallona. Bai ɓata lokaci a kaina ba, ya juya ya ce, "Wa ke da ashana?"

Jama'a, ma'aikacin kashe gobara, da hular kwano da komai, yana neman ashana! Tsohuwar nan ta kwance haɓar zaninta ta miƙa masa. Ya tsuguna ya cinna wa ciyawar gaban hatsin wuta, abokan aikinsa suna bi da rassa suna kashe ɓangarenmu, suna kora ta wajen babbar wutar. Ina tsaye ina kallon hukumar da na kira da wayata tana yin aikin Baba daki-daki, har yadda yake karkata reshe.

Sai dai an makara. Kafin wuta biyun su haɗu su mutu, tartsatsi ya riga ya faɗa wa gefen yamma na tsibin. Suka shiga hayaƙin suna fizgo dammuna suna jifa, ɗaya daga cikinsu har bayan hannunsa ya saɓule, bai daina ba. Abin da ya ƙone ƙurmus ya kai kashi ɗaya cikin uku. Sauran kuwa duk ya sha hayaƙi.

Kafin magariba labari ya gama gari, don haka na san ya isa tabarmar Baba. Na shiga na durƙusa ina jiran faɗa. Ya tambaye ni hannun ma'aikacin nan, ya ce gobe in kai masa zuma. Shi ke nan.

Inna ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, amma ƙauri ya ƙi fita. Tuwo ƙauri, fura ƙauri, ƙannena suna ci suna hararata. Baba ne kaɗai yake sa hannu ya cinye malmalarsa tas bai ko yamutsa fuska ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da damina ciwon ya haura, ya zama kunu kawai yake iya sha. Na je kasuwar Dutsin-Ma na zaɓo gero mai kyau, fari sol, na ce Inna ta dama masa. Na tallafo kansa na kai masa ludayi baki. Ya kurɓa, ya juya shi a harshe, ya ture hannuna a hankali.

"Wannan ba na gonata ba ne, Malam. A kawo mini nawa."

Shi ya ci gaba da sha, da ƙaurinsa, har ranar da ya rasu, saura 'yan makonni sabon gero ya nuna.