Busasshen Tattasai a Largo

Cikina ya tsufa lokacin da Inna ta zo daga Kano zuwa garin Largo, nan ƙasar waje inda muke zaune, don ta yi min zaman jego. Ba ta daɗe ba ta fara zancen komawa. Abincin ƙasar nan, in ji ta, duk ɗanɗanon ruwa ne. Ta tsakuri shinkafa ta ture, ta hau sama ta rufe ƙofa. Akwatinta ma ta ƙi kwancewa. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don ban san yadda zan haihu a Largo babu uwa a kusa ba.

Zama ya gagare ni. In share falo, in leƙa taga, in tsaya a ƙofarta in kasa ƙwanƙwasawa. Ran wata Asabar na ce bari in sama wa hannuna aiki, in yi wa maigidan ancilada, wato fankasun masara mai faɗi da ake naɗe nama a ciki a malale shi da jar miya. Wata abokiyar aikina 'yar Meziko ce ta koya min, har ta ba ni ledar busasshen tattasansu, dogaye, baƙi-baƙi.

Na cire hancin, na zazzage 'ya'yan, na jera su a busasshen kasko. Abokiyar aikin nawa ta gargaɗe ni da sun fara ƙamshi in sauke, in ba haka ba su yi ɗaci. Hankalina na sama wurin Inna, sai da tari ya sarƙe ni na tuna.

Sai ga takunta a matakala.

“Wa ke ƙona tattasai a gidan nan?”

Ta ɗauki guda ta shinshina, ta murza shi a tafin hannu.

“Miyar mutanen Meziko ce, Inna. Jiƙa shi ake yi a ruwan zafi, sannan a markaɗa da tafarnuwa.”

“Ke tafi can. Ni za ki koya wa jiƙa tattasai? Da me kike zaton na yi muku miya duk bazara? Matsa.”

Na matsa. Ta tsince waɗanda suka ƙone, ta jiƙa sauran, ta sa na markaɗa na tace. Can sai ta hau sama, na ji ƙarar zif ɗin akwati, na ɗauka shirin tafiya take yi. Ta dawo da ƙullin daddawa. Na buɗe baki zan ce ba a sawa, ta harare ni, na haɗiye.

Ancilada dai ba a yi ta ba ranar. Tuwo ta tuƙa, ta ci har da suɗe yatsa, tana mitar miyar ba yaji.

Da ta wanke hannu ta ɗaga ledar tattasan ta auna nauyinta.

“Wannan ba zai kai ko'ina ba. Gobe mijinki ya kai ni inda ake sayarwa, da barkono mai zafi. Yajin jegonki ba a rana ɗaya zan daka shi ba.”

Na zauna a kujera na fashe da kuka, ta ce hayaƙi ne, in tashi in buɗe taga.