Saƙon Ɗangana da Ordinatar Issaka Ta Yanke Wa Wutsiya

Duk wanda ya bi layin masu albasa a kasuwar Malanville ya san shagon Issaka, ko bai san sunanshi ba. Shi ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsu da zare, mai zama gaban ordinata, wato kwamfuta, kamar kaza bisa ƙwai. Ɗan masunta ne. Ubanshi ya so ya gaji taru, sai yaro ya fito da tsoron ruwa irin na mage, anka tura shi lakwal karatun boko. Ya yi shekara uku a Parakou ya dawo da takarda da ƙaton kai. Mu maƙwabta munka laƙaba mishi Injiniya, shi kuma ya amsa, ba kunya.

Aikinshi buga takardu da gyaran salula. Amma abin da yake taƙama da shi wani shafi ne da ya ƙirƙira a intanet don ƴan unguwa da ke nesa. Wanda ke Cotonou ko Agadez ya rubuta saƙo a ciki, Issaka ya buga a takarda, ya karanta wa tsofaffin da ba su iya latse-latse ba. Ya ce don jama'a ya yi. Ƙarya dai ba kyau: don mutum ɗaya ya yi, wanshi Ɗangana.

Ɗangana ya bar gida shekara bakwai da sunka wuce, bayan sun yi cacar baki da mahaifiyarsu, Inna Hawa, kan kwalekwalen marigayi ubansu da shi Ɗangana ya sayar. Ya haye kogi zuwa Gaya, daga nan shiru. Ba lamba, ba labari. Inna Hawa har yau in ta dama kunu sai ta ajiye ludayi biyu a ƙwarya ta rufe, ta ce na baƙo ne. Kowa ya san baƙon.

Wata biyar da buɗe shafi, sai ga saƙo: "Assalamu alaikum, ni ne Ɗangana, ina gaida Inna." Iyakarshi ke nan. Issaka ya karanta mata sau huɗu. Ta ce, "To, sai mi kuma?" Ya ce, "Shi ke nan, Inna." Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zane. Bayan wata biyu wani ya zo, haka nan, gaisuwa tsirara. Na uku ma haka. Duk ranar kasuwa takan zo ta zauna a bencin shagon, ba ta tambaya, tana kallon na'urar kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Issaka kuwa hushi ya ci shi. Mutum ya yi shekara bakwai, ya rasa abin faɗi sai sallama?

Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, don saƙon kowa haka yake zuwa, gaisuwa kaɗai. Mu nan gaisuwa ai ita ce rabin zance. Tsofaffi su karɓa, su ce Allah shi yi albarka, su tahi.

Hasiya mai soya kihi ce ta tona asiri. Ta faɗo shagon da mataci a hannu.

"Injiniyan ƙarya! Ɗiyata ta kira ni daga Cotonou tana faɗa. Wai sau biyu tana rubuto a aika mata busasshen kihi da yaji, ni kuwa abin da ka karanta mini 'ina kwana Mama' ne. Ka cinye sauran ne?"

"Haba Yaya Hasiya, abin da ya shigo shi nike karantawa."

"To ordinatarka ta hi ka ci. Duba cikinta!"

Ya zauna ya gwada da kanshi. Ya rubuta sallama, ya latsa maɓallin sauka layi, ya rubuta magana a ƙasa, ya aika. Da ya buɗe ma'ajiyar, sallama kaɗai ya iske. Ya bi diddigin abin. Ashe yadda ya tsara abin, kowane saƙo layi ɗaya yake ci a ma'ajiya. Na'ura na ganin an sauka layi sai ta ɗauka an gama, ta watsar da saura. Mutanenmu kuwa wa zai haɗa gaisuwa da buƙata a layi ɗaya? Sai an gaisa, an nisa, an sauko, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum. Sau uku Ɗangana yana faɗin abin da ya kawo shi, sau uku ƙanenshi yana zubarwa bai sani ba.

Gyaran bai kai dahuwar shinkafa ba. Ya sa kafin a ajiye saƙo, duk inda anka sauka layi a maye gurbin da wata ƴar alama, saƙon ya shiga ma'ajiya a miƙe kamar igiya mai ƙulli-ƙulli. In za a buga, a kwance kowane ƙulli ya koma layi. Amma abin da ya zube ya zube. Ya je ya durƙusa gaban Inna Hawa ya faɗa mata. Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga da ya hi sauƙi. Cewa ta yi, "Ashe ya yi magana."

Sunka shiga jira. Ruwan kogi ya cika, ya ja baya. Anka kwashe albasa. Issaka ya rame har zaren tabarau ya yi mishi yawa.

Ranar wata Asabar da hantsi saƙo na huɗu ya shigo, layi biyar cur. Gaisuwa a sama. A ƙasa: "Ina Arlit, ina aikin walda. Sau uku ina barin lambata ba wanda ya kira. Na gane Inna ba ta yahe ba. Wannan ne na ƙarshe, ba zan sake damunku ba." Sai lamba.

Issaka bai ko rufe shago ba. Hasiya ta ce ta ga Injiniya na gudu da takalmi ɗaya. Ya iske Inna tana tsince shinkafa, ya latsa lambar, ya kanga mata salula a kunne. Salular ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Anka ɗauka.

"Ɗangana," in ji ta, "bar gaisuwar nan, na karɓe ta sau uku. Yaushe kake zuwa?"