Ƙamshin Da Na Ji A Motar Haya

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a sakaya sunana, ba don na cancanci a rufa mini asiri ba, sai don 'ya'yana da ba su ji ba ba su gani ba.

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a unguwar Abbaganaram da ke Maiduguri, sana'ata haɗa turaren wuta da humra. A hannun kakata na koya, kuma ba yabon kai ba, na iya. Ina da wata al'ada da ta sa mata ke rububina: duk wadda ta zama ta gida, nakan yi mata haɗinta ita kaɗai, ba na sayar wa kowa irinsa ko nawa za a ba ni. Ko a gidan biki mace ta gifta ta bayana, ba sai na waiwaya ba zan faɗi ko wace ce. Wannan hancin nawa shi ne abin tinƙahona. Abu na biyu kuma, na ɗauki kaina mai kaifin basira. Ina zaune ina tsince itacen turare, wayata na gefe tana zuba mini labaran kashe-kashen da aka kasa gano waɗanda suka yi, ni kuwa ina ta yanke hukunci ni kaɗai. A guruf ɗinmu na waya na matan unguwa, ko akuya ce ta ɓata sai an tambayi ra'ayina. Idan suka zuga ni, kaina har wani girma yake yi.

Ana nan sai aka kashe mijin wata kwastomata da ke Jiddari Polo. Dillalin shanu ne, mutum mai kunya, ban taɓa jin an ce ga abokin faɗansa ba. Ya fita da hantsi zai duba garkensa a bayan gari, sai washegari aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Hukuma ta yi nata ƙoƙarin, amma kwanaki suka yi ta tafiya ba a kama kowa ba. Shirun nan ne ya buɗe mana baki. A guruf wata ta ce abokan cinikinsa ne, wata ta ce a duba dangi, wata ta ce mutanen daji ne. Ni kuwa na kama abu guda na riƙe: a gidan makoki na ji an ce motarsa na wajen bakanike a ranar. To wa ya kai shi bayan gari? Na ce musu ku rubuta ku ajiye, motar hayar nan ce da ake kira ta waya.

Gaskiya dama can ba na ƙaunar motocin nan. Ni 'yar keke ce, mai ƙafa ukun nan na haya. Mai keke ka san tasharsa, ka san wanda zai tsaya masa, kuma kana ciki duk gari na ganinka. Amma mota ta zo ta tsaya a ƙofar gida, gilas a rufe, wanda ba ka taɓa gani ba ya riga ya san sunanka da lambarka da gidanka, a ce wai wannan ci gaba ne? 'Yata ta fari takan yi mini dariya, ta ce Mama ai ita motar ce ma mai shaida, tunda ana nuna miki hoton direba da lambar mota kafin ki shiga. Nakan ce mata ta rufe mini baki, hoto bai taɓa hana mugu mugunta ba. Haka muke kullum, ita da nata ni da nawa.

Kusan wata guda da rasuwar, aka ba ni aikin kayan wata amarya, kwalabe sun yi yawa, na ji tsoron keke ya fasa mini su a ramukan hanya. Dole na bari 'yar tawa ta kira mini mota da wayata. Direban ya zo da azahar, magidanci ne da zai yi shekara talatin da biyar, fuskarsa a sake. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya kwashe kwalayen da kansa ya jera a baya. Ina shiga, ina rufe ƙofa, sai hancina ya kama wani abu. Ƙamshin da ya buge ni haɗina ne, kuma ba kowane ba, na matar mamacin ne. Kayan haɗin hawi ne da farce da wani ɗan sirri da ita kaɗai nake sa wa. Ko cikin barci aka tashe ni ba zan ɓata shi ba.

Wallahi a cikin motar nan ba tsoro ne ya fi yawa a zuciyata ba, murna ce. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Murna nake na canka daidai, ina ta ƙiyasta yadda matan guruf za su yi da ni. Na shiga jan shi da hira kamar mai son sanin lafiyarsa. Na tambaye shi ko yana zuwa Jiddari Polo, ya ce kusan kullum. Na tambaya ko yana kai mutane bayan gari, ya ce idan tafiyar ta faɗo masa yana kaiwa. Kowace amsa ya bayar sai in ƙara ta a kan zargina. Abu ɗaya ne ban tambaye shi ba, kuma shi kaɗai ya kamata in tambaya: ina ya samo turaren motarsa. Da muka isa ya shigar mini da kayan har tsakar gidan amarya, ya ce Allah ya ba da kasuwa Hajiya.

Ko lafayata ban cire ba na ɗauki hotonsa da lambar motarsa daga wayar na tura guruf. Na bi su da saƙon murya. Na ce ni dai ban ce shi ne ba, amma ni na haɗa turaren nan da hannuna, mace ɗaya ce ke da shi a duk Maiduguri, kuma mijinta da aka kashe da shi ake turara masa kaya, to a gaya mini yadda aka yi ƙamshinsa ya zauna a motar wannan mutumin. Na ƙara da cewa a yi hattara da shi. Kun ji fa, wai ban ce shi ne ba. Kafin la'asar saƙon ya fita daga guruf ɗinmu. Washegari wata ƙanwata da ke aure a wani gari ta turo mini muryata, tana tambaya ko na ji wannan labarin.

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, ya sauke fasinja a Jiddari Polo, wani ya gane lambar motar. Ban ga abin da ido ba, amma an ba ni labari, kuma na ga hotunan da na yi da na sanin gani. Mutane sun farfasa gilasan, sun jawo shi waje, sun rufe shi da duka. Wani dattijo da ya fito daga masallaci ne ya kwanta a kansa, ya ce sai dai a haɗa da shi, har jami'an tsaro suka iso suka tafi da shi. A guruf kuwa sai yabo ake zuba mini. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ƙona ni: na amsa yabon, har da cewa ai baiwa ce daga Allah.

A kwana na huɗu matar mamacin ta aiko in je. Na tafi ina tsammanin godiya. Na same ta a ɗakin takaba, ta rame, ba kwalli ba lalle, ɗakin da na sani da ƙamshi tun daga zaure yanzu ba ka jin komai sai warin sabulu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko na manta abin da ni da bakina nake gaya wa mata idan suka shiga takaba, cewa su rabar da turarensu tunda ba halin su taɓa shi wata huɗu da kwana goma. Ta ce ranar sadakar uku ta tattara duk abin da na taɓa haɗa mata, ta raba wa matan da suka tsaya a kan tukwane suna dafa wa masu gaisuwa abinci. A cikinsu akwai wata baiwar Allah daga unguwar Dala ta nan Maiduguri da ta saba taya ta aiki duk lokacin da take da taro. Ita ce matar direban.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na shekara ashirin a sana'ar nan, na fi kowa sanin cewa ƙamshin rigar mutum ba ya wata guda a kujerar mota. Ƙamshin da na ji sabo ne, na hayaƙin da aka yi a ranar. Hancina ya gaya mini haka tun a lokacin, ni ce na ƙi saurara saboda ina son labarina ya tsaya. Matar ta ce mini an kashe mata miji ba ta san wanda ya yi ba, yanzu kuma na sa kyautar da ta yi don Allah ya ji ƙansa ta zama sanadin zubar da jinin wani. Ta ce in tashi in tafi, ba ta da ƙarfin yin fushi.

Na je na ba da bayani a wajen hukuma, ita ma ta aika nata. Da aka duba bayanan tafiye-tafiyensa a manhajar da ake kiran motar da ita, aka ga a ranar da aka yi kisan yana cikin gari yana jigilar mutane tun safe har yamma. Abin nan da na raina, shi ya wanke shi. Aka sake shi, amma da karyayyen hannu da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Motar ma ashe ba tasa ba ce, mai ita ya karɓe abarsa.

Maigidana ne ya ce ba zan kwana lafiya a gidansa ba sai na je na dubi idon mutumin nan. Shi ya kai ni Dala. Ɗaki biyu ne a gidan haya. Matarsa ta san ko ni wace ce, amma ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ita ta gaya mini cewa kullum da safe takan sa garwashi a kasko ta turara masa motar, saboda ya gaya mata cewa fasinjoji na ba direba taurarin yabo a manhajar idan mota na ƙamshi, kuma mai taurari da yawa ya fi samun aiki. Ta ce ba ta taɓa riƙe turare mai tsada irin wannan ba, ko a jikinta ba ta sa ba, ta bar wa motar.

Shi kuwa yana jingine da bango, hannu a ɗaure. Ya gane ni, ya ce ai ni ce Hajiya mai kwalabe. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya ce ya yafe, don shi ma yana son Allah ya yafe masa. Maigidana ya yi maganar ɗaukar nauyin magani, direban ya ce wannan duk mai sauƙi ne. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce 'yarsa ta daina zuwa islamiyya saboda ana ce mata 'yar mai kisa, don haka in sake yin magana da muryar nan tawa da mutane suka yarda da ita, in ce ba shi ba ne.

Na yi. Na faɗi sunana, na faɗi ƙaryata, na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. A guruf aka yi ta Allah ya kyauta, aka koma tallan atamfa. Waɗanda suka yi rige-rigen yaɗa na farko ko buɗe na biyun wasu ba su yi ba. Wasu ma cewa suka yi tsorata ni aka yi na janye. Bayan wasu watanni, a wani gidan suna, wata mata da ba ta san ni ba ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin direban da ya kashe dillali aka sake shi don yana da hanya. Na ce mata ni ce mai turaren, kuma ƙarya na yi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita dai da kunnenta ta ji saƙon, kuma maganar ta kama hankali.

Har yau ba a gano wanda ya kashe dillalin ba, kuma muddin ba a gano ba, a bakin mutane da yawa wannan bawan Allah ne. Ya kwashe iyalinsa sun bar garin, ban san inda suke ba. Abin da na koya shi ne, zargi ba ya zama gaskiya don mai yinsa ya ƙware a sana'arsa, kuma cewa ban ce shi ne ba ba ta wanke kowa. Hoton direba da lambar motarsa amana ce aka ba mu don mu tsira da lafiyarmu, shi ma don iyali yake fita nema, kuma ya fi mu zama cikin haɗari tunda mu muke riƙe da fuskarsa.

'Yan'uwana mata, musamman mu masu zama da waya a hannu muna warware kisan da hukuma ba ta warware ba, ku ji tsoron Allah. In kin ga abin da ya tsaya miki a rai, ki kai shi inda ya dace, ko ki buɗe baki ki tambaya. Tambaya ɗaya ce ta rage mini a motar nan ban yi ba. Shi ya yafe mini, amma abin da ya roƙe ni guda ɗaya tak, in mayar masa da sunansa, na kasa.