Direban Tifa Mai Leƙa Baya

Magini yana kallon direban tifar nan, dattijo mai furfura har a gira. Ya yi ribas ya tsaya, amma ya ƙi ɗaga bodi. Ya sauko yana leƙa bayan mota, yana kira: "Akwai mutum?"

Ko kaza babu a wurin.

"Baba, juye mana yashin nan, rana tana yi!" in ji wani lebura. Sauran suna dariya.

Magini bai yi dariya ba. Bodi ya ɗaga, yashi ya zubo, dattijon ya dawo gaban tulin ya kasa kunne. Ran magini ya ba shi cewa mutumin nan ya taɓa tone yashi da yatsunsa, yana kiran sunan wani.