Faifan Da Ba Ya Karcewa

A ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da kayan wuta, akwai wani ɗan lungu da in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bangonsa biyu. Nan ne shagon mutumin da duk layin ke kira A-hankali. Sana'arsa buga faifai ce. Ka kawo masa naka na waƙa ko na biki ko na karatu, ya ɗauko emti, wato sabon faifai da babu komai a cikinsa, ya zura a inji ya kwafe maka. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Injinsa tsoho ne mai nawa, shi kuma ya ƙara da sa shi a kan gudu mafi ƙanƙanta, wai faifan da aka buga da gaggawa in'ina yake yi. In ka ce masa sauri kake, da haɓa zai nuna maka benci ya ce a hankali.

Da kaset ya fara, tun yana saurayi da suma cike da kai. Da faifai ya shigo ya je ya koya, ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo da injin bugawa. An yi zamanin da bencin nan ba ya ɗaukar jama'a, har a kan matakala ake zama, masu shagunan sama suna ta mita an tare musu hanya. Da sana'ar ya yi aure, da ita ya reni 'yarsa ɗaya tilo, ya aurar da ita can wani gari mai nisa. Daga baya waya ta zo ta kwashe kasuwar, masu tura waƙa a memori suka cika bakin titi, kafin ka gama gaishe su sun cika maka waya. Ana cikin haka matarsa ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba ke nan. Ya saki gidan hayar da suke ciki ya koma ɗaki ɗaya, da kwano ɗaya, da rediyon da yake bari a kunne don kada shiru ya yi yawa.

Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma shi ba mai faɗa ba ne. Abin da ya fi muni, bai iya zuwa wurin mutane haka kawai ba. Duk rayuwarsa mutane ne ke zuwa wurinsa, da faifai a hannu.

Cikin 'yan tsirarun da ba su daina zuwa ba akwai wani dattijo, direban motar da ke rarraba burodi a shaguna. Motar ta tsufa, rediyonta faifai kaɗai yake ci, ba ruwansa da memori. Shi kuma Direba faifai ɗaya yake ji a duniya, na tsofaffin waƙoƙin zamanin samartakarsu, wanda asalinsa ke ajiye a kwamfutar A-hankali. To emtin araha a cikin mota mai zafi da jijjiga ba ya kai labari. Ba a jimawa sai ya karce, mawaƙi ya kama kalma ɗaya ya yi ta nanatawa. Sai ka ga Direba ya faka a bakin layi, ya shigo yana jan ƙafa, ya dire faifan a kan tebur.

"Ya sake mutuwa," haka yake cewa kullum.

A-hankali zai ɗaga shi saitin ƙwan fitila, ya girgiza kai, ya tambaye shi ko da gatari yake ciro shi daga rediyo. Direba zai ce laifin kayan banzan da yake sayarwa ne. Daga nan sai a zura emti, inji ya fara gurnaninsa, a jona butar shayi. Kafin faifan ya fito sun tattauna ciwon gwiwa, sun zagi ramukan hanya, sun yi musu kan wace waƙa ce ta fi a cikin faifan, musun da ba a taɓa gamawa ba. Direba ya kan ambaci 'ya'yansa maza da suka watsu neman abinci, ba mai kira sai da dalili. Wani lokaci kuma kowa da kofinsa, su yi ta kallon ɗan koren layin da ke rarrafe a fuskar kwamfuta. In bakin inji ya buɗe, Direba ya shanye sauran shayinsa, ya biya, ya tafi. Babu wanda ya taɓa kiran abin nan abota a cikinsu. A-hankali bai san gidansa ba, bai da lambarsa, bai ma taɓa tunanin karɓa ba, tun da faifai na kawo shi.

Wata shekara 'yarsa ta zo ganin gida tare da mijinta. Surukin nasa yaron kirki ne, ma'aikacin ofis, irin mutanen da ba sa iya ganin abu yana tafiyar hawainiya su kawar da kai. Ya tsaya a bakin shagon ya kalli tsohon injin, tausayi ya kama shi. Washegari sai ga shi da kwali: sabon inji, da fakitin emti masu tsada, ruwan zinariya, kowanne a gidansa. Ya durƙusa ya yi bayani, ya ce wannan injin kafin mutum ya ɗaura agogo ya gama, faifan kuma an yi masa wani rufi mai tauri, ba ya karcewa, ba ya jin zafi, sai dai a gaje shi.

A-hankali ya so ya tambaye shi wa yake sauri dominsa a shagon da ke wuni ba a shigo ba. Amma ya dubi 'yarsa, ya ga yadda take kallon mijinta da alfahari, sai ya haɗiye maganar ya sa musu albarka.

Gaskiyar magana, bayan sun tafi abin ya burge shi. Ya jona injin ya gwada, kafin ya gyara zama faifai ya fito. Ya saurara daga farko har ƙarshe yana neman in'ina, bai samu ba. Ya zaro makullin shago ya goga a bayan faifan, ya ɗaga saitin fitila, ko alama babu. Dariya ta kama shi shi kaɗai. Ya naɗe tsohon injin a tsumma ya tura ƙarƙashin tebur. Dama akwai abin da ya daɗe yana ci masa rai: dattijo kamar Direba, da ciwon gwiwa, yana ta zarya saboda faifan da shi mai bugawa ya san ba zai yi ƙarko ba. Sai ya ƙudurta cewa faifan zinariya na farko nasa ne, kuma kyauta.

Ranar da Direba ya zo ya ce ya sake mutuwa, A-hankali ko ɗaga faifan bai yi ba. Ya jona buta bisa sabo, ya ɓare emti mai tsada yana ta murmushi, ya danna. Direba na cikin kakkaɓe benci da hularsa, bai kai ga zama sosai ba, bakin inji ya buɗe. A-hankali ya zaro makulli ya goga a gabansa, ya nuna masa a fitila, yana ta zuba bayanin da ya haddace daga bakin suruki.

"Wannan har jikokinka, mutumina," ya ce. "Ka huta da zarya. Ba za ka sake wahalar zuwa nan ba."

Direba ya karɓa ya jujjuya. Ya dubi faifan, ya dubi butar da ko ɗumi ba ta yi ba. Ya sa hannu a aljihu, aka ce masa kyauta ce. Ya ɗan tsaya kamar mai neman abin da ya yar, sai ya yi godiya, ya ce Allah ya bar zumunci, ya sa hularsa ya fita. Sai da motar ta bar layin sannan ruwan ya tafasa, A-hankali ya juyo ya ga kofuna biyu da ya jera.

Mutum ya yi shekara da shekaru a kan sana'a, ya san abin da ke kashe faifai tun daga nesa, amma bai san abin da ke cika masa benci ba. A ranar bai gane ba, har daɗi yake ji ya yi abin kirki. Sai da makonni suka shuɗe, lokacin da faifan araha kan mutu ya zo ya wuce, sannan abin ya fara sauka a ƙirjinsa. Duk motar burodin da ta tsaya a bakin layi sai ya ɗaga kai. Ya tambayi mai gyaran agogo ko ya san inda Direba yake zaune, mai agogon ya ce ai ni a shagonka kaɗai na san shi. Sauran masu zuwa jefi-jefi ma yanzu a tsaye suke karɓar aikinsu, suna yaba sabon inji, su wuce. Mai kayan wuta ya ga benci a banza ya roƙi ya ɗora kwalayensa a kai. A-hankali ya ce ya ɗora, ya kuma juye 'yan ƙusoshi da alƙaluman biro a kofi na biyu don kada ya riƙa ganinsa fanko.

Sau ɗaya ya hango motar a babban titi, cunkoso ya riƙe ta. Gilashi a sauke, waƙar da suka fi musu a kanta tana fitowa tangaram, ba tsalle ba in'ina. Direba ya gan shi, ya danna ham, ya ɗaga hannu. Shi ma ya ɗaga. Hanya ta buɗe, motar ta tafi. Bai taɓa jin aikin hannunsa ya yi kyau haka ba, bai kuma taɓa jin haushin aikinsa irin na ranar ba. Da surukin ya bugo waya yana tambaya ko Baba ya ga amfanin canjin, sai ya ce masa inji na aiki, har ya fi yadda ake so. Yaron ya ji daɗi, ya ce ai dama ya faɗa.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana da la'asar yana zaune yana goge faifan da ba mai nema, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Direba ne, ya ɗan rame, jan ƙafar ya ƙaru. Ya dire faifan zinariya a kan tebur, idonsa na kan bango.

"Ya mutu."

A-hankali ya ɗaga shi saitin fitila. A rayuwarsa ya ga dubban faya-fayan da mota ta kashe, ya san karcewarsu, zagaye take bi. Wannan dabam ne. Ga wasu 'yan ƙananan zane-zane a gefe, inda aka gwada abu ya ƙi ci, ga kuma wani layi guda mai zurfi, miƙe daga tsakiya har baki, irin wanda sai an danne ƙusa da ƙarfi. Ya sauke faifan, idonsa ya faɗa kan babban yatsan Direba, da filasta naɗe a jiki. 

"Motar nan taka ba ta da imani," ya ce.

"Kayan banza dai kake sayarwa, har da na tsadar."

A-hankali ya ce haka ne, sabon injin ma kwanan nan ba ya gane masa. Ya tashi ya sauke kwalayen mai kayan wuta ɗaya bayan ɗaya ya jera a bakin ƙofa. Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya jawo tsumman nan daga ƙarƙashin tebur, ya hure tsohon injin ya jona. Fakitin zinariya na nan a gabansa kusan cike, ya miƙa hannu ta bayansa ya zaro emti daga tulin na araha. Ya tambayi Direba ko sauri yake. Direba ya riga ya cire hula yana kakkaɓe benci, ya ce ya gama rabon burodi tun azahar.

Ya sa injin a kan gudu mafi ƙanƙanta, ɗan koren layin ya fara rarrafe. Sannan ya jona buta, ya zazzage ƙusoshin da alƙaluman a kan tebur, ya fita bakin famfo ya wanko kofin.